Bita Kan Shafin Hukumar Tsara Hukunci ta Amurka: Amfaninsa ga Iyalan Wanda Aka Kama da Miyagun Ƙwayoyi

Hukumar da ke tsara ma'aunin hukunci ga kotunan tarayya na Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da USSC, tana da shafin intanet da kuma manhaja mai buɗewa a waya, kuma kowa na iya amfani da su ba tare da ya biya ko sisi ba. Na daɗe ina komawa gare su, domin ina cikin waɗanda 'yan'uwanmu mazauna Amurka kan nema idan an kama wani nasu da laifin miyagun ƙwayoyi, takardun kotu sun fara zuwa gida, kuma babu wanda ya gane abin da suke cewa. Ni ba lauya ba ne, aikina bai wuce in karanta takarda in bayyana ta da Hausa ba. Tambayar da uwa ko mata kan fara yi kusan kullum ɗaya ce, wato shekara nawa za a ba shi, kuma da wannan tambayar nake auna amfanin shafin. Ra'ayina shi ne shafin yana faɗin gaskiya, kuma bayaninsa yana da yalwa, amma domin alƙalai da lauyoyi aka gina shi, saboda haka wanda ya shiga bai san dokar mafi ƙarancin hukunci ba, wato shekarun da doka ta hana alƙali ya yanke ƙasa da su, yana iya fitowa da lissafin da zai kwantar masa da hankali, alhali ba da shi alƙali zai yi aiki ba.

Majalisar Dokokin Amurka ce ta kafa hukumar da dokar gyaran hukunci ta 1984, kuma mazauninta yana Washington. Tana da mambobi 7 masu kaɗa ƙuri'a, waɗanda shugaban ƙasa ke naɗawa Majalisar Dattawa ta tabbatar, aƙalla 3 daga cikinsu alƙalan tarayya ne, kuma ba a yarda fiye da 4 su fito daga jam'iyya ɗaya ba. Littafin ƙa'idojinta ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamba, 1987, kuma ya kasance wajibi a kan alƙalai har zuwa 2005, lokacin da Kotun Ƙoli, a shari'ar Booker, ta mayar da shi shawara wadda dole alƙali ya lissafa ya duba, amma yana iya saɓa mata idan ya ba da dalili. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne hukuncin Booker bai taɓa mafi ƙarancin hukunci ba. Wannan ba hukumar ce ta rubuta shi ba, Majalisa ce ta sa shi cikin doka, kuma ko alƙali ya ji tausayin wanda ke gabansa har ya faɗa a bainar jama'a, ba shi da ikon sauka ƙasa da shi sai ta ƙofofi biyu da zan yi bayaninsu a gaba.

Dokar ta rataya ne a kan nauyi. A ƙarƙashin sashe na 841 na dokar miyagun ƙwayoyi ta tarayya, da takwaransa sashe na 960 wanda ya shafi shigo da kaya daga waje, duk wanda aka samu da laifin sayarwa, ko riƙewa da nufin sayarwa, ko shigo da kilo 1 na hiroyin, ko kilo 5 na hodar iblis, ko giram 400 na fentanil, ko giram 500 na garin metamfetamin, ko kilo 1,000 na tabar wiwi, to hukuncinsa daga shekara 10 yake farawa, yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Mataki na ƙasa da wannan shi ne shekara 5 zuwa 40, kuma giram 100 na hiroyin, ko giram 500 na hodar iblis, ko giram 40 na fentanil, ko kilo 100 na wiwi sun isa su kai mutum can. Idan wani ya mutu sakamakon shan kayan, mafi ƙarancin ya koma shekara 20. Idan akwai bindiga a cikin harkar, wata doka dabam tana ƙara aƙalla shekara 5 waɗanda sai an gama na farko ake fara ƙirga su. Kuma tunda an soke sakin talala ga fursunonin tarayya da suka aikata laifi daga 1987 zuwa yau, abin da mutum zai iya ragewa da kyakkyawan hali bai wuce kwana 54 a kowace shekara ba, wato wanda aka ba shekara 10 zai yi kusan 8 da rabi a tsare idan bai samu wata rangwame ba.

Akwai abubuwa biyu a cikin wannan doka da kan girgiza iyali fiye da adadin shekarun. Na farko shi ne ga yawancin ƙwayoyin ba tsantsar ƙwayar ake aunawa ba, duk abin da aka gauraya ta da shi ake ɗorawa a kan sikeli, tamkar mai awon gero ya haɗa da ƙaiƙayi da tsakuwa ya ce duk hatsi ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1991 a shari'ar Chapman, inda ta yarda a ƙirga nauyin takardar da aka ɗiga ƙwayar LSD a kanta. Na biyu shi ne haɗin baki: tun daga 1988, wanda aka samu da laifin haɗa baki yana ɗaukar hukunci daidai da wanda ya aikata laifin da hannunsa, ta yadda direba, ko mai ajiye jaka, ko budurwar da ta karɓi saƙo a waya, ana iya ɗora musu nauyin kayan da ba su taɓa gani da idonsu ba, muddin ya shiga cikin abin da suka amince a yi kuma suna iya hango shi. Bayanan da ma'aikatan hukumar ke wallafawa kan laifuffukan ƙwayoyi sun tattara waɗannan hukunce-hukunce wuri guda, tare da bambancin da ke tsakanin kotunan ɗaukaka ƙara na shiyyoyi, kuma a ganina suna cikin abubuwa mafi daraja a shafin, ko da yake sai mai haƙuri ne zai iya karanta su har ƙarshe.

Wurin da mutane suka fi so a manhajar shi ne jadawalin hukunci da na'urar lissafin nauyi. Jadawalin yana da matakan laifi 43 a jere daga sama zuwa ƙasa, da rukunan tarihin laifi 6 daga hagu zuwa dama, kuma inda layukan biyu suka haɗu nan ne ake samun adadin watannin da ƙa'ida ta ba da shawara. A waya ƙananan lambobin sukan matse, sai an buɗa allon da yatsu biyu sannan a iya bin layi ba tare da an zame zuwa na ƙasa ba, amma yana buɗewa da sauri kuma ba ya cin data mai yawa. Na'urar lissafin kuwa tana karɓar nau'in ƙwaya da nauyinta, ta ba ka matakin da laifin ya fara a kansa, kuma idan ƙwayoyin sun fi ɗaya tana juya su zuwa ma'auni guda ta haɗa. Aikinta tsaf yake, ban taɓa samun saɓani tsakaninta da abin da ke cikin littafin ba.

Sai dai a nan ne tarkon yake, kuma zan nuna shi da misali. A ɗauka an kama ɗan dako a filin jirgin sama da kilo 1 na hiroyin, bai taɓa laifi ba. Nauyin zai sa shi a mataki na 30. Idan ya amsa laifi da wuri, ana rage masa mataki 3, ya koma 27, kuma a rukuni na farko jadawalin zai nuna wata 70 zuwa 87. Ƙaninsa da ke zaune da waya a hannu zai ga haka ya ce alhamdu lillahi, shekara 6 ko 7 ne, ya kira gida ya ba da labari. Amma doka ta ce shekara 10, wato wata 120, kuma can cikin babi na 5 na littafin akwai ƙa'idar da ta ce duk inda mafi ƙarancin da doka ta wajabta ya fi abin da jadawali ya nuna, to na dokar ne hukunci. Ƙa'idar tana nan a rubuce, babu wanda ya ɓoye ta, amma tana nesa da jadawalin, kuma wanda ba lauya ba ba shi da dalilin da zai sa ya je nemanta. Na ga mahaifin da ya zo da takarda ya rubuta irin waɗannan watanni da biro, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsu, kuma ni ne na zauna na gaya masa cewa lissafinsa daidai ne amma ba shi ne zai yi aiki ba. Da hukumar za ta sa gargaɗi mai girma, cikin sauƙin harshe, a daidai wurin da talaka ke duba watannin, da ta rage wa iyalai da yawa irin wannan faɗuwar gaba. Wannan shi ne babban aibin da nake gani a wannan hidima.

Ƙofa ta farko da ake bi a sauka ƙasa da mafi ƙarancin ita ce wadda Majalisa ta buɗe a 1994, wadda takardun kotu ke kira safety valve. Sharuɗɗanta biyar ne, kuma dole a cika su duka: tarihin laifin mutum ya kasance kaɗan, bai yi amfani da ƙarfi ko barazana ko makami ba, babu wanda ya mutu ko ya ji mummunan rauni, ba shi ne shugaba ko mai tsara harkar ba, sannan kafin a yanke hukunci ya gaya wa gwamnati gaskiyar duk abin da ya sani game da laifin. Dokar First Step, wadda Donald Trump ya sa wa hannu a Disamba 2018, ta faɗaɗa sharaɗin tarihin laifi, amma a Maris 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Pulsifer, ta fassara shi ta hanyar da ta taƙaita masu cin gajiyarsa. Idan ɗan dakon nan ya cika sharuɗɗan, ana ƙara rage masa mataki 2, sannan gyaran da ya fara aiki a Nuwamba 2023 yana iya rage wasu 2 ga wanda ba shi da tarihin laifi ko kaɗan, sai ya sauko mataki na 23, wato wata 46 zuwa 57. Tsakanin wata 120 da wata 46 akwai fiye da shekara 6 na rayuwar mutum, kuma sau da yawa abin da ke raba su shi ne zama ɗaya da masu bincike, a gaban lauyansa, inda zai faɗi gaskiya ba ragi.

A nan ne na fi samun shafin da amfani, domin yawancin iyalanmu suna ɗaukar wannan sharaɗi na biyar a matsayin tona asirin mutane, kuma suna jin tsoron abin da zai biyo baya a gida. Tsoron ba na banza ba ne, kuma ba na raina shi. Amma rubutun dokar, wanda ke cikin littafin kalma da kalma, ya bayyana cewa ko da bayanin da mutum ya bayar bai amfani gwamnati da komai ba, ko ta riga ta san shi, hakan ba ya hana shi samun sassaucin, kuma alƙali ne ke yanke ko an cika sharuɗɗan, ba mai gabatar da ƙara ba. Idan na buɗe wannan sakin layi a waya na karanta wa iyali, na fassara musu jimla bayan jimla, sukan fi yarda da shi fiye da yadda za su yarda da baki kawai.

Ƙofa ta biyu ita ce taimaka wa gwamnati ta kama ko ta gurfanar da wasu, kuma mabuɗinta yana hannun mai gabatar da ƙara shi kaɗai, domin sai ya roƙi kotu a rubuce sannan alƙali ke iya sauka. Illar wannan tsari a fili take. Babban dila ya san sunaye da hanyoyi da inda kuɗi ke kwana, don haka yana da abin sayarwa, shi kuwa wanda aka ba jaka a tasha bai san kowa ba sai laƙabi da lambar wayar da aka riga aka jefar. Yakan faru na sama ya fita kafin na ƙasa, kuma duk wanda ya zauna da iyalan irin waɗannan 'yan dako ya san zafin wannan magana.

Wani sashe da ya cancanci yabo shi ne JSIN, wanda hukumar ta buɗe a 2021. A nan mutum yana zaɓar ƙa'idar laifin, da nau'in ƙwayar, da matakin laifi, da rukunin tarihi, sai a nuna masa matsakaicin hukuncin da alƙalai suka yanke wa mutanen da suka faɗa wannan gurbi a shekaru 5 na baya-bayan nan. Wannan ya fi jadawali kusa da gaskiya, domin yana nuna abin da aka yi ne, ba abin da aka ba da shawarar a yi ba. Amma matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, bai san alƙalinka ba, bai san al'adar ofishin masu gabatar da ƙara na gundumarku ba, kuma ba ya sa waɗanda suka samu rangwame saboda taimaka wa gwamnati a cikin lissafin matsakaicin. Akwai kuma gajerun takardu masu suna Quick Facts, waɗanda ba su wuce shafi biyu ba, ɗaya ga kowace ƙwaya, ɗaya kuma ga mafi ƙarancin hukunci kansa. Su nake fara ba wanda ke jin Turanci daidai gwargwado, domin zane da alƙaluma ne suka fi yawa a cikinsu. Daga irin waɗannan bayanai ne mutum zai ga cewa metamfetamin ce ke kan gaba a shari'o'in safarar ƙwayoyi na tarayya a 'yan shekarun nan, kuma cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ake yanke wa hukunci amsa laifi suka yi, ba a yi doguwar shari'a a gaban masu taya alƙali ba.

Wannan adadi na ƙarshe yana bayyana yadda dokar ke aiki fiye da kowane sharhi. Mai gabatar da ƙara ne ke zaɓar ko zai rubuta nauyin kayan a takardar tuhuma, kuma shi ne ke zaɓar ko zai shigar da takardar da ke ambaton tsohon laifin mutum, wadda ke ɗaga shekara 10 zuwa 15, ko zuwa 25 idan manyan laifuffukan baya sun kai biyu. Wanda aka ce masa ya amsa ya samu 5, ko ya ja a kai shi 15, ba kasafai yake ja ba. Kuma yadda ake amfani da wannan iko yana sauyawa da sauyin gwamnati: Eric Holder ya umarci lauyoyin gwamnati a 2013 su daina rubuta nauyi ga ƙananan masu laifi da ba su yi ta'adi ba, Jeff Sessions ya soke umarnin a 2017, Merrick Garland ya dawo da irinsa a 2022, sannan a Fabrairu 2025 Pam Bondi ta koma ga tuhumar mutum da laifi mafi tsanani da za a iya tabbatarwa. Waɗannan umarnai na Ma'aikatar Shari'a ne, ba na hukumar ba, don haka na'urar lissafin ba ta da gurbin da za a sa su. Ba na ɗora mata laifi a kan haka, amma mai amfani da shafin ya san cewa rabin abin da zai yanke makomar ɗan'uwansa ana yin sa ne a ofis, kafin a shiga gaban alƙali.

Abin da ya sa nake girmama hukumar duk da haka shi ne ba ta taɓa ɓoye abin da alƙalumanta ke nunawa ba, ko da ya saɓa wa Majalisar da ta kafa ta. Dokar 1986, wadda aka rubuta cikin gaggawa bayan mutuwar ɗan wasan ƙwallon kwando Len Bias sakamakon hodar iblis, kwana biyu bayan ƙungiyar Boston Celtics ta zaɓe shi, ta sa giram 5 na dunƙulalliyar hodar da ake kira kirak daidai da giram 500 na garin hodar, wato 100 bisa 1, alhali asalin sinadarin ɗaya ne. A 1988 aka ƙara da cewa riƙe fiye da giram 5 na kirak, ko da don sha ne kawai, shekara 5 ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake ɗaurewa kan kirak baƙaƙen fata ne. Hukumar ta kai wa Majalisa rahoto kan wannan a 1995, 1997, 2002 da 2007, kuma a 1995 ta nemi a daidaita su biyun, Majalisa ta ƙi. Sai a 2010, da dokar da Barack Obama ya sa wa hannu, aka ɗaga ma'aunin kirak zuwa giram 28 ga shekara 5 da giram 280 ga shekara 10, bambancin ya koma kusan 18 bisa 1, aka kuma soke shekara 5 na riƙewa don sha. Waɗanda aka riga aka ɗaure ƙarƙashin tsohon ma'auni sai da suka jira 2018 kafin doka ta ba su damar neman a sake duba hukuncinsu. Duk waɗannan rahotanni suna nan a shafin kyauta, haɗe da na 1991 da na 2011 kan mafi ƙarancin hukunci gaba ɗaya, inda na 2011 ya bayyana cewa wasu daga cikin waɗannan hukunce-hukunce sun yi faɗi da yawa, ko sun yi tsanani da yawa, ko duka biyun.

Ba na cikin masu cewa safarar ƙwayoyi ƙaramin laifi ne. Fentanil ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a Amurka, kuma mun san abin da ƙwaya ke yi wa matasa a duk inda ta shiga. Abin da na ƙi shi ne a ɗaure hannun alƙalin da ya ga mutumin, ya karanta tarihinsa, ya ji shaidu, a miƙa hukuncin ga sikeli da kuma lauyan ɓangare ɗaya. Shari'ar Weldon Angelos ta isa misali. A 2004 alƙali Paul Cassell na kotun tarayya a jihar Utah ya yanke masa shekara 55 saboda tuhumar bindiga da aka jera a kan cinikin wiwi na 'yan ɗaruruwan daloli, kuma alƙalin da kansa ya rubuta cewa hukuncin zalunci ne, amma doka ba ta bar masa zaɓi ba. Sai a 2016 aka sake shi, kuma dokar 2018 ta hana irin wannan jerin tuhuma ga mai laifin farko.

Sauran gazawar shafin ba su da yawa, amma suna da nauyi ga irinmu. Harshensa Turancin lauyoyi ne, cike da lambobin sassa da ke tura ka daga wannan babi zuwa wancan, kuma ko wanda ya yi karatu mai zurfi a wani fanni yakan gaji. Layin taimako na hukumar, HelpLine, an tanade shi ne domin alƙalai da lauyoyi da jami'an kotu masu tambaya kan yadda ake amfani da ƙa'idojin, ba wurin da iyali za su nemi shawara kan shari'arsu ba ne. Sannan komai da ke shafin ya shafi kotunan tarayya ne kawai, alhali mafi yawan shari'o'in ƙwayoyi a kotunan jihohi ake yin su, kuma kowace jiha da dokarta. Jihar New York, alal misali, ta yi fama da dokokin Rockefeller na 1973, masu ɗaure mutum daga shekara 15 zuwa rai da rai, kafin ta sassauta su a 2004 da 2009. Saboda haka abu na farko shi ne a duba saman takardar tuhuma: idan gwamnatin Amurka ce ke ƙarar mutum a kotun gunduma ta tarayya, shafin ya shafe shi, idan kuwa sunan jiha ne a wurin, to lissafin da za a yi a nan ba nasa ba ne.

Gazawa mafi ciwo ga baƙo ita ce batun takardun zama. Laifin safarar ƙwayoyi yana cikin manyan laifuffukan da dokar shige da fice ke tasa ƙeyar mutum a kansu, ko da yana da takardar zama ta dindindin, ko da 'ya'yansa 'yan ƙasa ne, kuma ko laifin riƙewa don sha yana iya jawo haka, in ban da karo ɗaya na wiwi da bai wuce giram 30 ba. Wanda aka riga aka yanke wa hukuncin kora ba ya cin gajiyar ragin kwanakin da dokar 2018 ta tanada ga masu halartar shirye-shiryen gyaran hali. Jadawalin watanni ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun 2010, a shari'ar Padilla, Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gaya wa wanda yake karewa cewa amsa laifi na iya jawo masa kora, kuma ina roƙon iyalai su tabbatar an yi wannan magana a fili, da tafinta idan akwai buƙata, domin dokar tarayya ta 1978 ta ba wanda ba ya jin Turanci sosai haƙƙin tafinta a kotu.

Duk lokacin da na buɗe waɗannan alƙaluma nakan tuna cewa Nijeriya ma tana da irin wannan doka a rubuce. Dokar NDLEA, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 48 ta 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga shigowa da ko fitar da hodar iblis da hiroyin da makamantansu, kuma sashe na 19 ya ce wanda ya riƙe su da saninsa ba bisa ƙa'ida ba hukuncinsa ba zai gaza shekara 15 ba, ba zai wuce 25 ba. Amma mai bin labaran Babbar Kotun Tarayya ya san ana yanke hukunce-hukuncen da suka gaza haka nesa ba kusa ba, wani lokaci har da zaɓin tara. Ghana kuwa ta sauya dokarta a 2020, ta mayar da riƙewa don sha abin tara maimakon doguwar ɗauri. Muhawara kan wace hanya ce ta fi tana buƙatar irin abin da wannan shafi ke bayarwa, wato a san wa aka ɗaure, da nauyin me, na shekara nawa, kuma a buga shi inda kowa zai gani.

Ga lauya, ko ɗalibin shari'a, ko ɗan jarida, ina ba da shawarar shafin ba tare da wani sharaɗi ba. Ga iyali kuwa ina ba da shawararsa a matsayin abin shiri kafin ganin lauya, wanda kotun tarayya ke naɗa wa duk wanda ba shi da halin ɗauka, kuma da yawa daga cikin lauyoyin da gwamnati ke biya don kare marasa hali sun fi sanin waɗannan ƙa'idoji fiye da wasu masu karɓar kuɗi da yawa. A fara da takardar tuhuma, a nemo sashen dokar da nauyin da aka rubuta, domin su ne za su nuna ko akwai shekara 5 ko 10 a ƙasa, sannan a je ga jadawali. Idan rahoton da jami'in kotu ke shiryawa kafin hukunci ya fito, a zauna da lauya a bi shi layi bayan layi, musamman nauyin da aka ɗora wa mutum, da matsayin da aka ba shi a harkar, da duk wata magana ta makami, domin wa'adin da ake bayarwa na ƙalubalantar kuskure a cikinsa kwana 14 ne daga ranar da aka karɓe shi.